Tambaya da Amsa: Na iya ciniki, amma kullum ni ake yi wa tsada

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Na je kasuwa siyan leshi mai shago ya ce dubu 40, muka yi ta ja har ya sallama min a dubu 28, na dawo gida ina ta murna wai na yi ciniki, ashe makociyata irin shi sak ta siya dubu 19. Kuma ba yau aka fara ba wallahi. Ni ce ban da wayo ko yaya abin yake? Daga wata 'yar uwa a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wayonki kalau, dubu 40 din nan ce ta daure ki. Kudin da kunne ya fara ji shi ke zama turke, duk tayin da za ki yi a gindinsa za ki yi ta kewaye, ke kina lissafin kin rage dubu 12 alhali abin da ya kamata ki tambaya shi ne leshin nan nawa ne kudinsa na gaskiya.

Masana halayyar dan Adam sun dade da gano wannan. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka fitar da wani gwaji, sun sa an juya wani faifai mai lambobi irin na 'yan caca a gaban mutane, amma an saita shi ba ya tsayawa sai a kan 10 ko 65. Sai a tambaye su, cikin kasashen Majalisar Dinkin Duniya kashi nawa cikin dari ne na Afirka? Wadanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, wadanda suka ga 65 kuma wajen 45. To don Allah ina ruwan faifai da kasashen Afirka? Kahneman dai ya samu kyautar Nobel a 2002.

Wanda ya fi daure min kai ma na Jamus ne, masana shari'a fa, aka ba su labarin wata mai sata a kanti aka ce su jefa 'ya'yan ludo biyu a hada lambobin kafin su yanke hukunci. Wadanda 3 ta fito musu suka yanke hukuncin kamar wata 5, masu 9 suka ce wajen wata 8. Idan masanin shari'a bai tsira ba balle ni da ke da muka sha rana, kafa na ciwo, ga mai shago yana ta Hajiya wallahi faduwa zan yi.

Kuma ko kin san da tarkon ba ya hana shi kama ki, shi ya sa shawarar nan ta a taya rabi ban yarda da ita ba sam, ai rabin nasa kudin ne har yanzu, shi ma ya san za ki raba shi ya sa ya ninka. Kafin ki fita ki tambayi mutum biyu uku da suka siya kwanan nan, ko ki zaga shaguna a Kasuwar Barci ko ta Gumi kina jin farashi kawai ba tare da kin taya ba. Ki yanke iya abin da za ki biya tun daga gida, ki rubuta a waya in ta kama. In ya fadi kudin da ya wuce hankali kar ma ki taya, ki ce Allah ya kawo kasuwa ki yi gaba, sau da yawa kafin ki kai shago na uku za ki ji ana Hajiya dawo mu yi magana.