Da me zan auna ko atisayen hana faɗuwa yana yi wa mahaifiyata amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mahaifiyata mai shekara 74 ta zame a makewayi, Allah Ya tsare babu karaya. Wata biyu ke nan ana yi mata atisaye a sashen fisiyo, wato sashen gashi da motsa gaɓoɓi, amma yayyena sun ce wahalar da tsohuwa kawai ake yi, a bar ta ta huta. Hankalina a tashe yake. Yaya zan gane ko tana samun ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tunda aikinki ne, agogon wayarki ya ishe ki. Ki zaunar da ita a kujera mai hannu, ta miƙe, ta yi tafiyar mita 3, ta juyo ta zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce wanda ya kai daƙiƙa 12 yana cikin haɗarin faɗuwa. Sai ki ƙirga sau nawa za ta tashi ta zauna cikin daƙiƙa 30 ba ta dafa komai ba. A shekarunta, ƙasa da 10 rauni ne. Sannan ta tsaya diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, mu ga ko za ta kai daƙiƙa 10. Ki tsaya dab da ita, ki rubuta, ki maimaita duk wata da kujera ɗaya da takalmi ɗaya.

Amma duk wannan motsi ne da ta shirya masa. Santsi ba ya sallama. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ƙafarta ke ceto ta idan ta yi tangal-tangal. A asibiti mukan sa mutum ya jingina da tafukanmu, mu sake shi ba zato. Taku ɗaya ya tsaya, madalla. Ya yi ta ƙananan taku, da saura. Sai an tare shi, akwai aiki. Wannan kada ki gwada a gida, ki nemi likitan fisiyonta ya nuna miki makinta na farko da na yanzu.

Maganar yayyenki kuwa, kullum sai na ji irinta, kuma tana ƙona mini rai. Tsohuwa ta faɗi sau ɗaya, shi ke nan an ɗaure ta da tausayi. A kawo mata buta har gado, a ajiye fo a gefe, jika ya miƙo mata carbi, sallar da take yi a tsaye a ce ta koma zaune alhali likita bai ce ba. Bayan wata shida sai a ce mini, "Ai tun lokacin ba ta sake faɗuwa ba." Ina za ta faɗi, ba ta tafiya? Cinyoyi sun saki, tsoro ya shige ta, ranar da ta yunƙura da dare babu kowa kusa, ranar ce ƙugu ke karyewa. Daga nan kin san sauran: gyambon kwanciya da ciwon huhu. Ana cikin haka mai kemis zai zo da "allurar ƙarfi", sau da yawa dexamethasone ce, mai cinye tsoka da ƙashi idan aka daɗe ana yi.

Shirin Otago na New Zealand, atisayen ƙafa da daidaito ne a gida, haɗe da tafiya, ya rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 35 cikin 100. Ƙa'idar hana faɗuwar tsofaffi da masana suka fitar a 2022 ta ce a yi atisaye aƙalla sau uku a mako, na mako 12 ko fiye. Hajiya ba ta ma kai nan ba. Ku ji tsoron Allah, kada ku tsayar mata da atisayen da shi ne maganinta saboda ganin gumi a goshinta.

Ki auna hawan jininta a kwance da kuma bayan ta miƙe, a duba idonta, a sake duba magungunan barci da na hawan jini. A kafa mata ƙarfen dafawa a makewayin, a sa fitila.