Ɓallewar Biyafara da yadda tarayya ta tattare iko

Malam, ka tambaya ko man fetur ne kaɗai ya sa yankin Gabas ya ɓalle, da kuma yadda gwamnatin tarayya ta fi jihohi ƙarfi bayan yaƙin basasa. A ganina tsoro ya riga fetur. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, na watan Yuli ya ci Ironsi, shugaban ƙasa na mulkin soja, sannan aka kashe 'yan ƙabilar Ibo masu yawa a garuruwan Arewa. Waɗanda suka tsira suka cika jiragen ƙasa zuwa Inugu, kowa da ɗan ƙullin kayansa a ka. Dole mu faɗi wannan, domin ya faru. Wanda ya gudu a irin wannan hali, da wuya ya sake yarda Legas za ta kare shi.

Shugabannin soja sun zauna neman sulhu a Aburi ta Ghana cikin Janairun 1967, amma kowa ya dawo da tasa fahimtar. Ranar 27 ga Mayu Gowon, wanda ya gaji Ironsi, ya raba ƙasa jihohi 12, ya zare Ribas da Kudu maso Gabas, inda yawancin man yake, daga hannun Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas. Bayan kwana uku aka ayyana Biyafara.

Yaƙi kuwa sai da kuɗi da umarni daga wuri guda. Dokar fetur ta 1969 ta danƙa mai a hannun tarayya, kashi 50 da yankuna ke samu daga arzikin ƙasarsu aka yi ta zaftare shi. Yau jihohi 36 ne, kuma akasarinsu sai rabon Abuja ya iso ƙarshen wata kafin su biya albashi.