Tambaya da Amsa: Maganin gargajiyar Sin ga tsoho mai ciwon damuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekarunta 71. Tun rasuwar mahaifinmu bara ta daina walwala, abinci sai an lallaɓa, ko gidan suna ba ta zuwa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan sertraline, yau sati uku ba mu ga canji ba. Yayana da ke saro kaya a Guangzhou ya zo mata da magani iri biyu, Xiao Yao Wan da Shugan Jieyu. Tana kuma shan amlodipine da maganin sa fitsari saboda hawan jini. Mu haɗa mata, ko mu ajiye na asibitin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya. Kada ku ajiye na asibitin, kuma kada ku ba ta waɗannan biyun kafin likitanta ya gan su da idonsa. Sati uku ya yi kaɗan a yanke wa sertraline hukunci. Yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa, a jikin tsoho ma yakan haura haka.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne Shugan Jieyu. Magani ne na gaskiya, hukumar magunguna ta Sin ta amince da shi a 2008 don damuwa mara tsanani. Tsiro biyu ne a cikinsa, ɗayan kuwa shi ne Hypericum, wanda Turawa ke kira St John's wort. Wannan ganyen yana ɗaga sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, aikin da sertraline ke yi ke nan. In aka haɗa su, sinadarin yana iya yin yawa cikin 'yan sa'o'i: gumi, rawar hannu, gudawa, zazzaɓi, zuciya na gudu, mutum ya ruɗe. A gida sai a ce maleriya ce ko rikicin tsufa, a ruga kemis, alhali asibiti ya kamata a nufa. Matsala ta biyu, ganyen yana sa jiki ya riƙa sarrafa wasu magunguna yana fitar da su da sauri fiye da ƙa'ida, sai ƙarfinsu ya ragu a jini. Amlodipine na cikinsu, haka warfarin mai tsinka jini, digoxin na ciwon zuciya, da wasu magungunan ƙanjamau. Wannan ba ya bayyana nan take. Sai bayan sati ɗaya zuwa biyu a ga jini ya hau, ga shi ana shan magani kullum.

Shi kuwa Xiao Yao Wan tsohon haɗi ne tun zamanin daular Song, kusan shekara 900 ke nan. Kayan haɗinsa takwas ne, wasu ma kun san su, kamar citta da na'a-na'a. Wanda ya shafi Hajiya shi ne gan cao, wato saiwar nan mai zaƙi da masu maganin Musulunci ke kira irƙus-sus. Akwai sinadari a cikinta da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da fotasiyam. Maganin sa fitsari irin furosemide ko hydrochlorothiazide shi ma fotasiyam yake zubarwa, kun ga an taru an yi wa jiki ɗaya rubdugu. Ma'auninsa a jini bai kamata ya gaza 3.5 ba. In ya faɗi, za ku ga silifas ya fara matse ƙafa, tashi daga sujada ya zama aiki, jijiyar sha-raɓa tana ɗaurewa da dare, daga nan sai bugun zuciya ya rikice. Gaskiya ne saiwar ba ta da yawa a wannan haɗin, mai ƙuruciya zai iya sha bai ji komai ba. Amma mace mai shekara 71, ba ta cin abinci sosai, ga maganin fitsari, ita ce ainihin wadda abin ke kamawa. A Japan, inda likitocin asibiti ke rubuta wa tsofaffi irin waɗannan haɗe-haɗen, an sha ganin haka, shi ya sa suke auna jini a kai a kai.

To, suna aiki kuwa? An yi gwaje-gwaje da dama a Sin, da yawansu sun nuna sauƙi ga damuwa mara tsanani. Sai dai akasarinsu mutane kaɗan aka gwada, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba a cika sa tsoho mai shan magani huɗu ko biyar a ciki ba. A ganinmu wannan hujjar ba ta kai a ajiye maganin da likita ke bibiya ba.

Ku zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, har da jiƙo da garin da maƙwabta suka kawo, ku kai wa likita. Ku nemi a auna fotasiyam da gishirin jini, domin sertraline kansa yakan rage gishirin jinin tsoho a makonnin farko. A duba ƙoda, ƙarancin jini, da aikin thyroid, wato ƙullutun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, don rauninsa yana kama da damuwa sosai. In kuwa ta fara cewa gara ta bi mijinta, ko ta ƙi ci da sha gaba ɗaya, kada a jira ranar komawa asibiti, a kai ta ranar.

Tambaya: Baba yana da shekara 78, yana shan warfarin saboda ciwon zuciya. Damuwa ta hana shi barci. Wani ya sayar mana da ƙananan ƙwayoyi jajaye na Sin, ya ce na kwantar da zuciya ne, ganye zalla.

Amsa: Malam, jan launin nan ya isa a dakata. Wasu fitattun magungunan barci na Sin, irin su Zhu Sha An Shen Wan da Tian Wang Bu Xin Dan, bisa asalin haɗinsu akwai zhu sha a ciki. Wani jan dutse ne mai ɗauke da zaiba, wani lokacin da garinsa ake shafe bayan ƙwayar. Ƙodar mai shekara 78 ba ta tace abu kamar da, don haka in aka daɗe ana sha zaibar tana taruwa, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi. Wasu kamfanonin sun cire shi daga haɗinsu, amma ba da kallon ƙwaya ake ganewa ba, sai an karanta jerin kayan haɗin.

Ko babu zaiba, warfarin ba ya son abokin tafiya. Dan shen da dang gui, waɗanda duk suna cikin Tian Wang Bu Xin Dan, suna ƙara tsinka jini. Alamar farko jini a buroshi, ko haɓo, ko shatar baƙi a fata ba tare da an buge ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta kuwa na gaggawa ne. In Baba ya riga ya sha, ku tsayar, ku je a yi masa gwajin INR, wato na auna tsinkewar jini, cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ku kuma lura da sunan he shou wu ko ye jiao teng, tsiro ɗaya ne, saiwa da kara. Ana sa shi a haɗin barci, kuma an san shi da taɓa hanta: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi.

Tambaya: Ta yaya zan gane mai kyau kafin in saya?

Amsa: Maganin gargajiya da gwamnatin Sin ta yi wa rajista galibi yana da lamba mai farawa da harafin Z, sai alƙaluma takwas. Wanda ke da tambarin shuɗiyar hula ƙarin abinci ne, ba a amince da shi a matsayin magani ba. In a Najeriya za ku saya, ku nemi lambar NAFDAC, amma ku sani lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da damuwa. Kwalin da babu jerin kayan haɗi, ko babu ranar lalacewa, ko an juye ƙwayoyin a farar leda, ku bar wa mai shi kayansa.

Dalilin nacewa a kan sunan kayan haɗi shi ne abin da ya faru a Beljiyam farkon shekarun 1990. A wani wurin rage ƙiba aka yi musayar saiwa ɗaya da wata mai kama da suna, han fang ji da guang fang ji. Ta biyun tana da gubar da ke kashe ƙoda. Mata fiye da ɗari suka kamu, da yawansu sai wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya sankarar hanyar fitsari ta biyo. Sin ta haramta guan mu tong, wani tsiro mai irin wannan gubar, a 2003, guang fang ji kuma a 2004, amma tsohon kaya da na bayan fage ba sa bin doka. Ku ɗauki hoton kwalin gaba da baya, manhajar fassara ta waya tana karanta rubutun Sinanci, sai ku nuna wa mai harhaɗa magunguna a asibiti kafin ku biya kuɗi.