Kafin ka zaɓi makaranta saboda kofinta, ka tambayi ’yan wasa nawa suka fita da digiri

Ƙanena, saƙonka daga Zariya ya iso. Ka ce makarantu biyu a Amurka sun ga bidiyon wasanka na ƙwallon kwando sun nuna sha’awa. Ɗaya tana yawan shiga gasar cin kofin ƙasa ta jami’o’i ta watan Maris da kake kallo a waya, ɗayar kuwa ƙarama ce, ba ka taɓa jin sunanta ba, amma kocinta ya ce kusan duk yaransa suna gama karatu. Zuciyarka na wajen ta farko, kana tambayar ko akwai laifi. Na amsa maka a fili ne domin na san ba kai kaɗai ke wannan lissafi ba.

Fara da ƙofar da kake hange. A duk shekara NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, mutum 60 take zaɓa, daga duniya baki ɗaya. A babban rukunin gasar jami’o’i ta NCAA, hukumar wasannin jami’o’in Amurka, kaɗai akwai makarantu sama da 350, kowacce da yara goma sha wani abu. Ita kanta NCAA ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin ɗari na ’yan wasanta maza ne ke shiga ta wannan ƙofa. Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba. Arziki na Allah ne, amma mai hankali yakan yi wa kansa tanadi a cikin 99 ɗin nan.

Cin kofi da gama karatu ba tafiya ɗaya suke yi ba. Jami’ar Konetikat ta ci kofin ƙasa a 2011, aka hana ta shiga gasar 2013 saboda makin karatun ’yan wasanta ya yi ƙasa, ta dawo ta sake ci a 2014. Wanda ya fi ci min rai shi ne na jami’ar Karolina ta Arewa. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2011 an riƙa gudanar da darussan jabu, babu shiga aji, sai takarda ɗaya a ƙarshen zango a ba ka maki mai kyau. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu ’yan wasanni ne. A cikin waɗannan shekaru makarantar ta ɗauki kofi a 2005 da 2009. A takarda yaran suna ci gaba, wasu ma sun sa hular yaye. Abin da aka hana su shi ne ilimin kansa, kuma babu wanda zai maido musu da shekarun.

Shi ya sa nake so ka iya karanta adadin da koci zai nuna maka, domin lissafi biyu ake yi. Na gwamnatin tarayya yana duba waɗanda suka shigo shekara ɗaya, ya ga nawa suka gama a wannan makaranta cikin shekara shida, kuma duk wanda ya koma wata makaranta ana ƙirga shi cikin waɗanda ba su gama ba. Na NCAA, wanda ake kira GSR, yana cire duk wanda ya tafi makinsa na lafiya, ko da bai sake taka aji ba har abada. Don haka GSR ya kan fi kyan gani, kuma shi suke bugawa a takardun talla. Tun daga 2006 NBA ta daina ɗaukar yaro sai ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara ɗaya da barin sakandare, sai manyan makarantu suka koma ɗaukar taurari na shekara guda. Jami’ar Kentaki ta ci kofin 2012 da irinsu Anthony Davis, wanda ya wuce NBA bayan kakar wasa ɗaya. Shi kam ya ci riba. Tambayarka ita ce yaron da ke zaune a ƙarshen benci a irin wannan ƙungiya, wa ke damuwa da karatunsa? Akwai kuma rahoton da cibiyar binciken wasanni ta Richard Lapchick ta daɗe tana fitarwa kan ƙungiyoyin gasar Maris, shekara bayan shekara yana nuna baƙaƙen ’yan wasa na baya da fararen abokansu wajen gama digiri. Kai a cikin baƙaƙen za a lissafa ka.

Ba na cewa duk mai kofi macuci ne. Emeka Okafor, ɗan iyaye ’yan Najeriya, ya gama digirinsa na harkar kuɗi cikin shekara uku, ya ci kofi da Konetikat ɗin nan a 2004, aka ɗauke shi na biyu a NBA. Jalen Brunson ma shekara uku ya yi a jami’ar Villanova, ya fita da digiri da kofi biyu. Ana haɗa su. Sai dai kofi shi kaɗai ba ya gaya maka wace irin makaranta ce.

Abin da ya bambanta ka da abokin wasanka Ba’amurke shi ne biza. Da takardar I-20 da makaranta ke bayarwa da bizar ɗalibi ta F-1 za ka shigo, kuma zamanka halal ne muddin kana cikakken ɗalibi. Tallafin karatu a makarantu da yawa na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa. In gwiwa ta karye, ko aka kori kocin da ya kawo ka sabo ya zo da nasa yaran, Ba’amurke gidansu zai koma ya yi tunani. Kai kuwa in ba ka sami wata makaranta da sauri ba, zamanka ne ke cikin haɗari. Kuɗin tallan da aka halatta wa ’yan wasa tun 2021 ma, bizarka ta taƙaita maka cin su a cikin ƙasar, kada wani dillali ya ruɗe ka da su. Digiri kuwa yana ba ka izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa, in fannin kimiyya ko injiniya ne a ƙara maka 24. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kada kuma ƙanƙantar suna ta sa ka raina makaranta. Masai Ujiri a Zariyarku ya taso, a wata ƙaramar kwaleji mai shekara biyu a Dakota ta Arewa ya fara wasan kwaleji, bai taɓa buga NBA ba, amma shi ya haɗa ƙungiyar Toronto da ta ci kofin NBA a 2019.

Ka rubuta wa kociyoyin biyu tambaya iri ɗaya. Yaran da suka shigo shekara shida da suka wuce, nawa suka gama a nan, kuma me suka karanta? In ka ga rabin ƙungiya a fanni ɗaya, ka san an zaɓa musu shi ne don kada ya taɓa lokacin atisaye. Ka tambaya ko za a bar ka ka karanta abin da kake so ko da yana da aikin ɗakin gwaji da rana. Ka tambaya tallafin na shekara nawa ne, kuma me zai same shi in ka ji rauni, su amsa a rubuce. Ka nemi su haɗa ka da wani ɗan Afirka da ya yi wasa a wajensu ya tafi, ba wanda ke hannunsu yanzu ba.

In da ni ne, a yadda ka ba ni labari, ƙaramar nan zan fi karkata, sai dai in babbar ta amsa waɗannan tambayoyi ba tare da kwana-kwana ba. Ka shirya sakamakonka na WAEC ka yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA tun yanzu, domin takardun namu kan ɗauki lokaci. In amsoshin sun zo ka turo min mu karanta tare, kuma kada ka sa hannu a komai kafin Baba ya gani. Ka gaishe min da mutanen gida.