Tambaya da Amsa: Shin akwai sauran dama a wasan ces da ya nufi canjaras?

Tambaya: Malam, ina buga wasan ces (chess) da abokaina a Jos, kuma sau da yawa wasa yakan ƙare ina da sarki da hasumiya (rook) da soja (pawn) ɗaya a gidan e5 (harafi na nuna jerin gidajen allo na tsaye, lamba kuma layin kwance, ana ƙirgawa daga gefena), abokin karawata kuma yana da sarki a e8 da hasumiya. Kwamfuta takan nuna cewa canjaras ne. In karɓi kunnen dokin, ko kuwa akwai abin da zan iya nema? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo.

Amsa: Malam, kwamfuta ta faɗi gaskiya, amma hukuncinta ya ginu ne a kan cewa mai karewa ba zai yi kuskure ko ɗaya ba, alhali wanda ke zaune a gabanka mutum ne mai gajiya, agogo kuma yana cinsa.

Wannan matsayi sananne ne tun 1777, lokacin da Bafaranshen gwanin ces Philidor ya bayyana yadda ake kare shi. Mai karewa yakan ajiye hasumiyarsa a layi na shida domin ya hana sarkinka hawa, sai ya jira. Da zarar ka tura soja zuwa e6, sai ya gangara da ita layi na ɗaya ya riƙa kai wa sarkinka hari ta baya, kai kuwa ba ka da inda za ka fake, domin ka riga ka rufe mafakar da kanka. Saboda haka kada ka yi gaggawar tura sojan. Ka riƙa jujjuya hasumiyarka a layi na bakwai, ka gwada ko ya san wannan dabara. Da yawa ba su sani ba, sukan koma da hasumiya layi na takwas su lafe kusa da sarki, kuma lafewar nan halaka ce a gaban sojan tsakiya: sarkinka ya hau f6, soja ya bi zuwa e6, sannan hasumiya ta zagaya ɗaya gefen da barazanar ritsa sarkinsa ka ci wasan. Da sojan naka na g ko h ne, lafewar za ta ishe shi, sai ku yi musabaha kawai.

Ka tuna da doka: idan aka yi motsi 50 kowane ɓangare ba a ci komai ba, ba a kuma motsa soja ba, ko matsayi ɗaya ya maimaitu sau 3, abokin karawarka yana da ikon neman canjaras.

Ci gaba da wasa ba rashin ladabi ba ne. A Dubai a 2021, Magnus Carlsen ya doke Ian Nepomniachtchi a wasa na shida na karawar neman kambun ces na duniya bayan motsi 136, a matsayin da kwamfuta ke kira canjaras har sai da Nepomniachtchi ya kuskure a motsi na 130. Sai dai ka kula kada a yi musayar hasumiya alhali sarkinsa na tsaye a gaban sojanka, sarkinka kuma yana bayan sojan, domin daga nan yawanci babu sauran abin nema.