Likita, sai na ci abinci lami kafin in rage ƙiba?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo mini a 'yan makonnin nan, fiye da rabinsu kuka ɗaya suke yi: ana son rage jiki, amma abincin masu rage jiki ba ya ciyuwa. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, shekaruna 38, haihuwata biyar, nauyina kilo 96. Gwiwoyina sun fara damuna, ko sujada sai da dabara. Wata ƙawata ta ce in bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Na yi sati biyu ina cin dafaffen kabeji da karas, ba mai ba gishiri, ga shi ni ke tuƙa wa maigida da yara tuwo ina shaƙar ƙamshin miya. Ranar da na karya, sai da na tashi da malmala uku. Yanzu na fi da ƙiba. Ina mafita? (Wata uwargida daga Yelwa, Bauchi)

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma ki daina ganin laifin kanki. Ba mai iya dawwama a kan abinci lami. Duk tsarin da zai sa ki ɗora tukunya biyu kullum, ɗaya ta gida ɗaya ta horo, ba zai kai wata ba. Ni abin da nake so, tukunyar ta zama ɗaya, a gyara ta yadda kowa zai ci ya suɗe hannu.

Mu fara da mai, don a nan ɓarnar take. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda jiki bai ƙona ba kuma sai ya adana shi a matsayin kitse. Mu kuwa ba da cokali muke zubawa ba, jarka muke karkatawa sai ido ya ce ya isa. In ludayinki yana cin cokali takwas, ludayi guda ya doshi kalori 1,000, kusan rabin abin da mace ke buƙata a yini. Daga yau ki ajiye cokali a gefen jarkar. Miyar mutum bakwai, cokali uku zuwa huɗu sun wadatar.

Na san abin da za ki ce: to daɗin fa? Ki tuna miyar kuka, da ta kuɓewa, da ta karkashi. Ko a wurin iyayenmu, daddawa ce ke tsayar da su, mai ɗan rakiya ne kawai. Ki daka daddawarki da citta da masoro da tafarnuwa, ki zuba tun kina ɗora sanwa, ki bar ta ta dahu sosai har warin ya fita ƙamshin ya zauna. Albasa kuma kada ki jefa ta cikin mai mai zafi ta ƙone a minti ɗaya. Ki rage wuta, ki bar ta ta yi laushi a hankali har ta yi ja, zaƙin da za ta fitar ba ki samunsa a dunƙule. In miyar dage-dage ce, ki gasa tumatir da tattasai da attaruhu a kan garwashi kafin ki jajjaga. Ruwansu zai ragu, tsamin zai mutu, ba sai kin yi ta soya su cikin mai ana jiran tsami ya fita ba. Busasshen kifi ko ɗan kaɗan ne, a gyara a daka a zuba, yana ɗaga miya fiye da yadda ake zato. Sannan ɗan tsami a ƙarshe, ko ganyen yakuwa ko matsin lemon tsami, yana farkar da miyar da ta kwanta.

Man shanu ma ban hana ki ba. Amma maimakon a narka shi cikin tukunya ya ɓace, ki ɗiga rabin ƙaramin cokali na soyayye a saman miyarki bayan kin zuba a kwano. Hanci ne ke fara cin abinci kafin baki, kuma a saman nan ne zai same shi.

Sai tuwo. Kada ki bar shi, ki dai juya lissafin. Mun saba tuwo tuli, miya 'yar tsoma. Ke ki ɗauki malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya kuwa ki cika kwano, musamman taushe mai yawan kabewa da alayyahu, gyaɗar a rage mata hannu. In kin san malmala ɗaya ba za ta riƙe ki ba, ki fara da kwaɗon zogale ko na rama, ƙuli-ƙulin kaɗan, tumatir da albasa da yawa, ba sai an kwarara mai ba. Kafin ki kai ga tuwon, rabin yunwar ta tafi.

Kada ki sa ran komawa jikin 'yanmatanci a wata uku. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da ke ɗorewa. A nauyinki, in kika sauke kilo 5 zuwa 10, gwiwoyin za su gaya miki, jini da suga ma za su nuna a gwaji.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, shekaruna 45. Da safe masa, da rana abin da mai abinci ta kawo da lemo mai sanyi, da dare shayi da burodi ko tsire. Hannuwana da ƙafafuna ba su da ƙiba, tumbi ne kawai ya fito. Shi ma matsala ne?

AMSA: Alhaji, shi ne ma babbar matsalar. Kitsen ciki yana kewaye hanta da hanji, kuma shi ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ga gwajin da za ka yi a shago: ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbin ya wuce ƙa'ida.

Kafin mu taɓa abincinka, mu taɓa abin shanka. Robar lemo mai rabin lita, irin su kola, tana ɗauke da suga kimanin ƙaramin cokali 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya, in ya tsaya a 6 ya fi. Ka ga roba ɗaya ta cinye kason yinin, tun ba a zo ga mai shayi ba, wanda shi ma ba ya auna suga da madara da tausayi. Lemon malt da ake cewa yana ƙara jini, suga ne shi ma. Ka roƙi uwargida ta riƙa haɗa maka zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, suga kaɗan ko babu, ka tafi da shi a gora. Wannan canjin kaɗai, in ka riƙe shi wata uku, wandonka zai shaida.

Masa kuwa, ba zan ce wa mutumin Bauchi ya bar masa ba, don na san ba zai ji ba, kuma ba dole ba ne. Shinkafa ce da ta sha mai a tanda, saboda haka uku ko huɗu da miyar taushe mai yawa, sau biyu a mako, ba goma da barbaɗen suga kullum ba. Sauran ranakun ka nemi alala. Waken da ake ƙosai da shi ake alala, bambancin ɗaya an tsoma shi a mai, ɗaya an turara.

Tsire ya fi shayi da burodi sau nawa. Ka ce wa mai nama tsoka kake so ban da kitse, kada ya yayyafa mai, ya cika maka albasa da kabeji da tumatir. Sannan tafiya: minti 30 sau biyar a mako, da saurin da zai sa ka ɗan yi haki. In ka ajiye babur ka taka zuwa masallaci mai ɗan nisa, ka riga ka fara.

TAMBAYA: Gaskiya ne ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe yana narkar da teɓa? Akwai kuma wani shayin rage ƙiba da ake tallatawa a WhatsApp, in saya? (Wata amarya daga Misau)

AMSA: Ƙanwata, lemon tsami ba ya narkar da kitse. In kina jin daɗinsa ki sha, amma mai gyambon ciki ya yi hattara, kuma yawansa yana cinye haƙori.

Shayin nan kuwa, don Allah kada ki saya. Da yawansu ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin sa gudawa. Abin da kike gani ya ragu a sikeli ruwan jikinki ne, kuma tare da ruwan ake zubar da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata wurin bugawa daidai. Wasu kuma an sha gano an ɓoye musu wani magani mai suna sibutramin, wanda aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ke kuma amarya ce, mai yiwuwa ciki ya shiga ba ki sani ba. Wannan kaɗai ya isa dalili.

TAMBAYA: Ɗaliba ce ni a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ina zaune a hostel. Ba lokaci, ba kuɗi sosai, ba firji. Indomie da soyayyar awara su ne abincina, kuma na ƙara kilo bakwai a shekara ɗaya. Me zan dafa mai sauƙi?

AMSA: 'Yata, wake ne abokinki. Yana riƙe ciki, yana gina jiki, kuma bai kai nama tsada ba. Ki jiƙa shi da dare don ya yi saurin nuna, da safe ki yi fate da albasa, attaruhu, 'yar daddawa da manja cokali ɗaya, ki yanka alayyahu ki zuba minti biyu kafin ki sauke. Tukunya ɗaya za ta kai ki rana da dare in kin ɗumama ta sosai. Ɗanwake ma abinci ne mai kyau, man da ake masa wanka da shi ne matsalar. Cokali ɗaya da aka soya albasa a ciki, da yaji mai kyau, da dafaffen ƙwai, da tumatir da gurji, ya isa.

Awara ba laifinta ba ne, waken suya ne. Ki sayi ɗanyarta ki yanka cikin miyar jajjage, ko ki shafa wa kasko mai kaɗan ki gasa ta gefe da gefe. Ranar da ba makawa sai Indomie, ki dafa ƙarama guda ɗaya, ki sa rabin garin ɗanɗanon da ke ciki, ki cika tukunyar da kabeji da karas, ki fasa ƙwai. Dafaffen dankalin Hausa da yajin ƙuli shi ma ba ya cin lokaci.

Don marmari a lokacin karatun dare, ki ajiye yalo, goba ko gyaɗa. Gyaɗar dai cikin tafin hannu ɗaya, don rabinta kusan mai ne. Kuma kada ki ce za ki yini ba ci don ki rame. Wadda ta yini da yunwa, da dare ba ta iya auna abinci.

TAMBAYA: Maigidana yana da suga da hawan jini, an ce ya rage ƙiba. Mun koma tuwon acha da na alkama safe da dare, na cire gishiri na ƙara dunƙule don miya ta yi ɗanɗano. Amma ba ya raguwa, jinin ma bai sauka ba. (Wata uwargida daga Azare)

AMSA: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa. Abu biyu ne suka shige miki duhu, kuma mutane da yawa haka suke yi.

Na farko, acha da alkama hatsi ne kamar dawa da gero da masara, jiki yana mayar da su suga. Acha abinci ne mai kyau, amma malmala uku ta acha malmala uku ce. In ana son amfaninta, a yi faten acha mai yawan ganye, yakuwa da alayyahu da gauta, ganyen ya fi hatsin yawa. Tuwon dawar da kuka saba ma zai iya ci, in an tsaya a malmala ɗaya.

Na biyu, dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Kin fitar da gishiri ta ƙofa, ya dawo ta taga. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke ɗaga jini irin na gishiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da wanda ke cikin burodi da dunƙule da yajin tsire. Ki riƙa ragewa sannu a hankali: in biyar kike sawa ki koma uku, bayan sati biyu ki koma biyu, kina cike gurbin da daddawa, tafarnuwa, citta, kimba da busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har a wayi gari miyar da ta ji dunƙule ta yi masa zartsi.

Abu ɗaya mai muhimmanci: in yana yin allurar insulin ko shan ƙwayar saukar da suga, rage abinci zai iya sa sugan ya faɗi ƙasa sosai. Alamunsa rawar jiki, zufa, jiri da ruɗewa. In haka ta faru a ba shi suga babban cokali ɗaya a ruwa nan take, in kuma ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Kafin ku fara wannan tsarin ku koma wurin likitansa da magungunan gaba ɗaya a leda, da takardar da kuke rubuta awon suga da na jini, don a duba ko za a rage masa magani.