Baƙin wuyan yaro da maganar inshora a Amurka

Tambaya: Likita, ina zaune a Houston, matata 'yar Meziko ce. Ɗanmu mai shekara 10 ya yi ƙiba sosai, wuyansa ya yi baƙi, mun dirje da soso har mun gaji. Surukata ta ce girma ne, zai zube. Yana kan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, amma ina tsoron kuɗin ganin masanin abinci. Hankalina ya tashi.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka a kan kuɗi. Yaron da bai kai shekara 21 ba, Medicaid ce ke biyan awonsa da shawarar abinci idan likita ya rubuta. A jiharku ana kiran tsarin Texas Health Steps. In za ku kama layi, ku ce awon lafiyar shekara kuka zo, kuma tafinta mai jin Sifaniyanci haƙƙin matarka ne, kyauta.

Maganar surukarka ce ta fi damuna, domin kullum sai na ji ta. A kawo yaro yana haki daga mota zuwa ƙofa, kaka na shafa masa kumatu tana cewa ƙoshi ne. Baƙin nan mai kauri a naɗin wuya da hammata, wanda soso ba ya fitarwa, alama ce jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, hanyar ciwon sukari ke nan. Ku daina dirzar masa fata, kunya kawai kuke ba shi. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2017 zuwa 2020 sun nuna kashi 26 cikin 100 na yaran 'yan asalin Latin Amurka suna da ƙiba, kuma kitsen hanta ya fi kama su, musamman jinin Meziko. Hanta ba ta ciwo sai ta yi nisa. To wane zubewa ake jira? Yawancin masu ƙiba a wannan shekaru da ita suke balaga. Masu tallar shayin rage tumbi a Facebook kuwa, zawo suke sayar wa yara, Allah Ya isa.

Ka nemi a auna masa sukari da kitsen jini da ALT, gwajin jini na lafiyar hanta. Kada ka yarda a sallame ku da takarda ɗaya da "a rage ci". Abin da aka ga yana aiki zama ne da masana a kan gyaran ci da motsa jiki na awa 26 ko fiye cikin shekara, tare da iyaye. Ka matsa a tura ku irin wannan zaman, ku tafi da kakar, tun da hannunta ne a tukunya. Lemon kwalba kuma ya bar gidan daga yau, har naka.